Daga Potiskum Zuwa Ikko: Abin Da Ya Kamata Matafiyi Ya Sa A Jaka

Garin Potiskum na Jihar Yobe gari ne na matafiya. Kasuwar shanunsa tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, sa'an nan da wuya a lissafa garuruwan Arewa da suka yi suna wajen manyan motoci da direbobi ba a sa shi a sahun gaba ba. Babu makon da zai wuce tireloli ba su tashi daga nan maƙare da shanu da tumaki da awaki, ko wake da gero, sun nufi Kurmi ba. Kuma ba dabbobi da hatsi kaɗai su ke tafiya ba. Akwai fatake, akwai yaran da ke rakiyar shanu, akwai samari 'yan cin rani, da ɗalibai, da matan aure masu bin mazajensu, da dattawan da 'ya'yansu suka kira su zo a duba lafiyarsu. Waɗansu Badun za su sauka, waɗansu Anacha ko Fatakwal, da yawa kuwa sai Ikko.

Abin mamaki shi ne, duk da wannan zirga-zirga ta shekara da shekaru, har gobe sabon matafiyi ya kan haɗa kayansa ne kamar mai zuwa Kano ko Maiduguri. Ya zaɓi shaddarsa mafi nauyi, ya kai hularsa wanki, ya goge takalminsa na fata, a ɗaure masa kilishi a takarda, ya cusa kuɗi da katinsa a aljihun gaba. Duk wannan shiri daidai ne ga ƙasar rana da ƙura. Amma ƙasar da zai shiga ruwa ne matsalarta: ruwan sama, da ruwan ƙasa, da kuma wanda ido ba ya gani, watau danshin da ke cikin iska dare da rana.

'Yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende da Mil 12 sun riga sun yi wannan karatu, waɗansu ma da tsada suka yi shi. Su ne kuma masu saukar da baƙin, su ne masu ba da aron riga ran da ta baƙo ta ƙi bushewa, su ne masu kai shi kemis da tsakar dare. Saboda haka ya fi musu sauƙi su aika gida da bayani tun kafin ɗan'uwa ya ɗaure jaka.

Damina biyu

Da farko dai, lissafin watannin Potiskum ba ya aiki a Ikko. A Potiskum ruwa ya kan sauka sosai ne daga Yuni, a yi marka a Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Abin da a ke samu a shekara duka bai cika wuce milimita 800 ba, wata shekarar ma ba ya kai haka. A Ikko kuwa ruwan shekara ya kan haura milimita 1,500, watau ninki biyu ko fiye, kuma a watan Yuni kaɗai a kan sami sama da milimita 300. Har wa yau daminar tasu kashi biyu ce. Ta fari ta kan soma tun wajen Maris ko Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da farkon Yuli. Daga nan sai ruwa ya ɗan tsagaita, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, sa'an nan ya komo a Satumba da Oktoba. Ko a watannin da a ke kira rani ba abin mamaki ba ne hadari ya haɗu a tafka ruwa.

Dalili kuwa shi ne, iska biyu ke mulkin ƙasar nan. Ɗaya tana tasowa daga teku ɗauke da danshi, ɗaya daga hamada, busasshiya. Ta tekun sai ta bi ta kan Ikko kafin ta isa Yobe, kuma in za ta koma nan ne ta ke bari daga ƙarshe. Shi ya sa mutumin da ya bar Potiskum a watan Afrilu, ana tsakiyar bazara, zafi ya wuce digiri 40, ko ɗigon ruwa bai gani ba tun bara, ya kan iske tuni ana kwasar ruwa a titunan Agege. Wanda ya taso a Agusta cikin marka, ya ɗauko laima da rigar ruwa, sai ya tarar da Ikko tana hutawa, gari ya yi lumshi, har da ɗan sanyi-sanyi da asuba. Wanda kuma ya bari sai ya gama girbin gero a Oktoba, a zatonsa damina ta wuce, damina ta biyu ce za ta tarye shi.

Ko a yini guda garin ba shi da alkawari. A wayi gari da rana tarwai, kafin azahar hadari ya taso daga teku, a yi awa biyu ana zuba, la'asar ta yi rana ta sake fitowa ƙasa tana tururi. A kan yi ruwa a Ikeja, mutanen Obalende ba su da labari. Wani lokaci kuwa ya ƙi ɗaukewa, kamar yadda aka yi ran 10 ga Yuli, 2011, sa'ad da aka wuni ana ruwa har unguwanni da dama suka nutse, aka yi hasarar rayuka. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fid da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma ba da na kullum. Sauraronsa a rediyo bai ci kuɗi ba.

Karatun tulu

Sabon zuwa ya kan ce zafin Ikko ya fi na gida, a yi masa dariya, tun da ma'auni bai cika wuce digiri 33 a can ba. Amma fa yana da gaskiyarsa. Duk wanda ya san tulu ko randa ya san sirrin. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska tana kwashe shi, tana tafiya da zafin. Da wannan hikima ce wani malami na Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jikin ɗan Adam ma haka ya ke, zufa ita ce tsattsafin. A Potiskum, a watan Fabrairu ko Maris, danshin iska ya kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, zufa tana fitowa tana bushewa, sai dai mutum ya ga farin gishiri a wuyan rigarsa. A Ikko danshi ya kan kai kashi 80 ko fiye. Iska ta riga ta ƙoshi, ba ta da wurin karɓar ruwan jikin kowa. Sai zufa ta zauna a fata, riga ta manne a baya, mutum yana inuwa amma yana jiƙe.

To, abin da ya hana zufa bushewa shi ne zai hana wanki bushewa, shi ne zai sa kilishi laushi, ya sa ashana ta ƙi kamawa, ya sa reza tsatsa, ya sa takalmi fumfuna. Wanda ya gane wannan ya gama rabin haɗa kaya.

Tufafi su ne inda aka fi tafka kuskure. A gida mutum ya wanke shadda da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙarau. A Ikko cikin watan Yuni sai ta kwana biyu a igiya ba ta saki ba, balle ma a ɗakin haya na mutum shida wanda ba shi da tsakar gida, sai a shanya a kan ƙofa. In aka gaji aka ninke ta da sauran danshi, kwana kaɗan ta fara wari, sa'an nan baƙaƙen ɗigo su fito mata, irin waɗanda ba sabulun da ke fid da su. Sitacin da a ke taƙama da shi, wanda ke sa riga ta tsaya tana ƙara, abinci ne ga fumfuna, kuma ba ya awa guda a jiki sai ya saki. Wandon jins da samari ke so ya fi kowane tufa taurin kai wajen bushewa. Yadin roba mai kauri kuwa yana bushewa da wuri, amma sa shi a cikin motar haya ta Ikko da tsakar rana kamar shiga tanda ne, shi ke kawo ƙurajen zufa a wuya da hammata.

Abin da ya fi shi ne yadi marar nauyi, na auduga ko boyel ko wani mai ɗan surki, ɗinkin 'yar shara ko jamfa mai sakin jiki. Kuma ba yawa a ke so ba. Kaya uku sun ishi mai tafiyar mako biyu: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya busasshe a ƙulle cikin leda, wanda ba a taɓa shi sai ta ɓaci, ko don salla ran da mota ta watso wa mutum ruwan kwata. Inda ya kamata a yawaita shi ne singileti da gajeren wando na ciki, don su ne ke shan zufa, kuma kullum sai an sake. A haɗa da ƙaramin tawul marar kauri. Babbar riga, in akwai ɗaurin aure ko gaisuwa wurin Sarkin Hausawa, guda ɗaya ta isa, a ninke ta cikin leda, a sa ta in an isa bakin wurin.

Sai dai a kula da abu guda game da leda, don nan ne waɗansu ke gyara su ɓata. Leda tana tsare busasshen abu daga danshi, amma tana tsare danshi a jikin jiƙaƙƙen abu. Rigar da aka tuɓe da zufa aka ƙulle a leda, kwana ɗaya ya isa ta lalace. Abin da bai bushe ƙarau ba a bar shi ya sha iska. Har wa yau a bar al'adar shanya a ƙasa ko a kan ciyawa. A ƙasashe masu danshi akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen tufa, in aka sa sai tsutsa ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru, ta fi kuma kama yara. Guga mai zafi tana kashe ƙwan, tana kuma ƙarasa busar da tufar.

Hula ma ta cancanci a tsaya a kanta. Mutumin Yobe da Barno ba ya wasa da zanna, ya kan biya kuɗi a wanke masa ita a ɗaure ta ta tsaya kyam. Yayyafin minti biyar ya isa ya mai da ta tsumma, wata ma zarenta ya zuba. Mai hankali ya kan sa tashi-ka-fiye-naci ko wata mai araha a hanya da kasuwa, ya bar ta kirkin a jaka.

Ƙafa da ruwan titi

Takalmin fata mai kyau, irin na zuwa Juma'a, ba na daminar Ikko ba ne. In ya jiƙe gam ɗinsa ya kan saki, in aka ajiye shi ƙarƙashin gado sai a iske ya yi furfura. Silifa kuma ruwa mai gudu ya kan ƙwace ta, ga santsi. Takalmin roba mai maɗauri a dunduniya shi ne na baƙo. Wanda zai yi aiki a turken shanu ko mayanka ta Oko-Oba a Agege, ko kasuwar kayan gwari ta Mil 12, ba shi da zaɓi sai dogon takalmin ruwa, don caɓin wuraren nan da damina ba na wasa ba ne. Kuma tafiyar ƙasa ta ƙaru tun da gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa, ta ƙara huɗu a Satumba.

Ruwan da ke kwance a titi ba ruwan tafki ba ne. Haɗe ya ke da na kwata da na bayan gida, a ƙarƙashinsa akwai buɗaɗɗun magudanai da kwalabe, wani lokaci har da wayar lantarki da ta faɗo. Ɗan gari ya san inda ramin ya ke, baƙo bai sani ba, don haka ya bi sawun na gabansa, ko ya haƙura ya jira. In an komo masauki a wanke ƙafa da sabulu, a share tsakanin yatsu sosai, in ba haka ba cin ruwa ya kama su. Mai ciwon sukari ko mai rauni a ƙafa, shi kam kada ya taka ruwan nan ko kaɗan.

Hausa ta yi hikima da ta kira danshi laima, ta kuma kira abin tare ruwa laima. Ta biyun ba lalle ne a ɗauko ta daga Potiskum ba, don da zarar hadari ya haɗu 'yan talla za su fito da ita a kowane cunkoson motoci, sai dai kuɗinta ya kan tashi tare da hadarin. Mai dako ko mai tura baro, wanda hannuwansa biyu ke aiki, rigar ruwa marar nauyi ta fi masa.

Hanya ma ƙasa ce

Daga Potiskum zuwa Ikko ya fi kilomita 1,200, kuma ba yanayi ɗaya a ke ratsawa ba. Mai bi ta Darazo da Bauci zai hau tudun Jos, wanda ya ɗara mita 1,200 bisa teku, in dare ya riske shi a nan sai haƙoransa sun haɗu, ko da bazara ne. Daga nan ya gangara Akwanga da Abuja, kafin ya haye Kogin Kwara ya shiga Lakwaja tuni ya tuɓe rigar sanyi yana fifita. Mai bi ta Azare da Kano da Kaduna kuwa ta Mokwa da Jabba da Ilori zai ɓulla. Saboda haka rigar sanyi ɗaya ko mayafi ba ya zama kayan banza, musamman ga masu tafiya a buɗaɗɗiyar mota. Hawa kan tirelar shanu ganganci ne da ya ci rayuka masu yawa, hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana hani, amma tun da rashin kuɗin mota bai bar mutane sun daina ba, ko ba kome a tabbata akwai tamfol.

Abu na biyu, tafiyar kwana biyu ta kan zama ta mako da damina. A 2012, da kuma Oktoba na 2022, ruwa ya shanye hanyar Abuja zuwa Lakwaja wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya. A Yuni na 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jabba ta karye. A ƙarshen Mayu na 2025 ambaliya ta auka wa garin Mokwa, ta kashe fiye da mutum 150. Wanda ya taso da guzurin yini ɗaya da kuɗin mota cif-cif, a irin wannan rana sai ya koma bara. Ya kamata a riƙe abincin kwana uku wanda ba ya lalacewa, da jarkar ruwa, da ɗan abin da aka ware a wani aljihu daban.

Zancen guzuri kuwa, fataken goro sun riga kowa sanin kansa, sai dai nasu a juye ne. Goron da ke tasowa daga Shagamu da sauran ƙasar Yarabawa a kan naɗe shi da ɗanyen ganye cikin huhu, a riƙa yayyafa masa ruwa, don abokin gabansa a Arewa shi ne bushewa. Guzurin mai gangarawa Kudu kishiyar haka ya ke bukata. Kilishi, da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, duk rana ce ta adana su, kuma danshi ne ke warware aikin rana. Kilishin da zai yi watanni a Potiskum, in an bar shi a takarda a ɗakin Agege, kwanaki kaɗan zai yi laushi ya soma fari-fari. A zuba kowanne a roba mai murfi ko kwalba, a riƙa ɗiba ana rufewa. In tsaraba ce a raba ta ran da aka sauka, ba a jira an huta. Ƙuli-ƙuli ko gyaɗa ko masara da suka yi fumfuna a zubar, kada a kankare a ci, don dafin da ke cikinsu yana lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Fura da nono da dafaffen abinci na yinin farko ne kurum.

Jakar nan mai zane-zane da a ke kira Gana-mas-go, wadda ta samo sunanta daga korar baƙi ta 1983, ita ce akwatin talaka, amma saƙa ce, kuma zif ɗinta ba amana. A shimfiɗa mata babbar leda mai kauri a ciki kafin a zuba kaya, a ɗaure bakin. Mai kaurin a ke so, don tana jure tafiya, sa'an nan tun ran 1 ga Yuli, 2025 Jihar Legas ta soma aiki da dokar hana sayar da ledoji marasa kauri da kwanonin abinci na soso, saboda su ne ke toshe magudanai.

Takarda, kuɗi, da abin da ba a ɗauka

Akwai abin da in ya jiƙe ba a shanya shi ya komo. Takardun naira 5 zuwa 50 na roba ne, ba ruwansu da ruwa, amma daga naira 100 zuwa 1,000 takarda ce, kuma zufa kaɗai ta isa ta jiƙa damin da aka ɗaure a ƙugu har ya manne. Haka takardar shaidar ɗan ƙasa, da rasiɗin dabbobi, da takardun makaranta ko na asibiti. Duka a sa su a leda biyu, a yi musu hoto a waya, a bar kwafi a gida. Wayar ma ledarta daban. Lambar mai masauki kuwa a rubuta ta a takarda, a kuma haddace ta, don wayar da ta faɗa ruwa ko cajinta ya ƙare a Ojota da ƙarfe goma na dare ba ta da amfani.

Katin shaida ba ado ba ne. A Agusta na 2019 jami'an Jihar Legas sun tsare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa tare da baburansu, sai da aka bincike su kafin a sake su. Shingayen jami'an tsaro da na 'yan sintiri sun yawaita a hanyoyin Kudu, kuma wanda zai iya faɗin sunansa, da inda za shi, da wanda zai sauke shi, ya nuna kati, ya fi saurin wucewa.

Akwai kuma abin da barinsa a gida ya fi ɗaukarsa. A ƙauyukan Fika da Nangere wuƙa a ƙugu ko a damtse kayan aiki ce, ba mai ɗaga ido ya dube ta. A hanyar Kurmi ba haka a ke karanta ta ba. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare wata mota a Uromi ta Jihar Edo, ɗauke da mafarauta masu komawa Kano yin Salla, aka ga bindigogin farauta a cikin kayansu, taron jama'a suka kashe mutum 16. Laifin na waɗanda suka yi kisan ne, babu wani uzuri da zai wanke su. Amma duk da haka mai aika wa ƙanensa saƙo ya gaya masa ya bar wuƙa da adda da kwari da baka a gida. Mahauci ko mai yankan farce da ba shi da yadda zai yi, ya naɗe kayan aikinsa ya sa can ƙasan jaka, ya kuma faɗa da bakinsa kafin a bincika.

Sauro ba ya hutu

A Yobe zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa ne da damina da kaka, rani ya yi a sami sauƙi. A Ikko sauro ba ya tafiya hutu. Gidan sauro mai magani bai fi riga ɗaya nauyi ba, kuma ya fi babbar riga ta biyu amfani nesa ba kusa ba. In zazzaɓi ya zo a je a yi gwaji kafin a sha magani. Ruwan sha kuma a yi hattara da shi, balle bayan ambaliya, sa'ad da ruwan kwata ke shiga rijiyoyi da fasassun bututu. A Yuni na 2024 gwamnatin jihar da kanta ta ba da sanarwar ɓullar amai da gudawa, kuma an rasa rayuka. 'Yan ƙullin gishiri da sukari na kemis, waɗanda a ke narka ɗaya a lita guda ta ruwa mai tsabta, su shiga jaka. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya taho da abin da zai ishe shi, ya bar ƙwayoyin cikin fakitinsu, don waɗanda aka ɓare aka ƙulle a takarda su kan sha danshi su narke.

Mata masu tafiya da goyo su ne suka fi shan wahalar wanki. Zannuwan goyo da 'yan rigunan jariri su ne ya kamata a yawaita, a rage leshi da manyan atamfofi. Dogon hijabi mai jan ƙasa ya kan kwaso ruwan titi, wanda ya tsaya a gwiwa kuma marar kauri ya fi. Man shafawa mai nauyi da a ke yaƙin hunturu da shi, a can sai ya toshe fata ya kawo ƙuraje, hoda ta fi shi aiki. Turaren wuta kam a taho da shi, matan Barno da Yobe ba su bukatar a koya musu, yana korar warin danshi daga ɗaki da tufafi, sai dai a rufe shi a kwalba.

Masu kai raguna suna da nasu lissafin. Babbar Salla tana matsowa da kwana goma zuwa sha biyu kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan ta faɗo a tsakiyar ruwan Ikko: 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Ragon Yobe ɗan tudu ne, bai saba kwana a jiƙe ba, in ruwa ya dake shi bayan wahalar mota sai mura da tari da zawo, ya rame kafin mai saye ya zo. Harawa da dusa da kowar wake da aka ɗauko don kiwonsa su ma su kan yi fumfuna in ba a ɗaga su daga ƙasa an rufe ba. Kasuwar Kara da ke bakin Kogin Ogun, a mashigar Ikko, ta sha cika da ruwa in kogin ya tumbatsa. Falken da ya sa dukiyar shekara a mota ya yi ƙyashin kuɗin tamfol biyu da katakon ɗora buhu, shi ne a kan gani yana karyar da rago rabin kuɗi ana jajibere.

Ran komawa kuma sai a juya lissafin. Kada a ƙulle tufafi da danshi a yi kwana biyu da su a mota, a goge su tukuna. Rigar sanyin nan da ta yi wata guda a ƙasan jaka a fito da ita sama, musamman in Disamba ce ko Janairu, lokacin da sanyin asuba a Potiskum ya kan sauko ƙasa da digiri 15. A nemi man kaɗe ko basilin tun daga Ikko, don fatar da ta saba da danshi, da an wuce Bauci leɓe da dunduniya za su fara tsagewa. Goron tsaraba kuwa a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ko ganyensa, a riƙa duba shi a hanya.